Ɗingishin Obdulia

Shekara talatin da ɗaya na yi ina zaune a bayan Evelio Pita, shi ya sa na fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa. A badujalar garinmu, Almagre, haka ake jera mu: masu sarewa a gaba, masu ƙaho a tsakiya, ni da babbar ganga can a ƙurya. In kiɗa yana tafiya daidai, ƙeyar nan tana kwance lafiya. In wani ya kauce, sai wata jijiya ta miƙe a gefen hagu. Aji uku na yi a makaranta, takardar kiɗa kuwa ban taɓa iya karanta ta ba, a idona tururuwa ce kawai a kan waya. Da kunnena da wannan jijiyar na yi aiki.

Sunana Casimiro, Miro ake ce mini. Ban da ganga, ni ke tura amalanken kujeru daga ɗakin bita zuwa rumfar dandali duk Lahadi da la'asar, in an tashi in mayar.

Uban Evelio ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, buhunan sukari ya ɗauka har bayansa ya lanƙwashe. Shi Evelio siriri ne, ba ƙarfi, sai dogayen yatsu, sai baƙar sarewa mai maɓallan azurfa da ya koya tun yana saurayi. Ba mai yawan magana ba ne, ni ma haka, wataƙila abin da ya haɗa mu ke nan. Tsohon shugabanmu kunnensa ya yi nauyi, don haka duk wani rubutun kiɗa da rarraba wa kowa nasa ya koma hannun Evelio. Matarsa Obdulia guga take yi a asibiti. Shan inna ya taɓa ta tana ƙarama, ƙafarta ta hagu ta gaza ta dama, amma bakinta ba abin da ya taɓa shi. Ba su haihu ba. Tattabaru suka kiwata a kan soro.

Bayan juyin juya hali aka mayar da mu ma'aikatan gwamnati, muka ji daɗi. Sai kuma aka zo da tsarin Alhamis. Duk abin da za mu kaɗa ran Lahadi sai an rubuta shi a takarda, sunan kiɗan da sunan wanda ya ƙirƙira shi, a kai ofishin al'adu ran Alhamis a buga hatimi. In sabon kiɗa ne, sai an busa farkonsa a gaban mai ofis. Mai ofishin shi ne Kwamared Nivaldo, wanda a da yake naɗe magani a kantin magani na bakin kasuwa. Mutum ne mai gaskiya, ban taɓa jin ya ci na kowa ba, ga gyambon ciki da ya hana shi sakewa. Sai dai kunnen kiɗa Allah bai ba shi ba, kuma ya sani. Don haka ya ƙirƙiro tasa dabarar. Yakan miƙe a tsakiyar ofis, ya rufe ido, ya saki hannuwa.

"Busa, Kwamared Pita," in ji shi. "Kiɗanmu a ƙugu yake kama mutum. Na maƙiya a gwiwa yake kamawa. In gwiwata ta motsa, babu hatimi."

A lokacin, kiɗan ƙetare ya zama abin tsoro. Rediyonmu ya daina sa waƙar Turanci. Saurayi in gashinsa ya rufe kunne, ko wandonsa ya tsuke, yana iya kwana inda bai shirya ba. Dandali kuwa ya zama na tsofaffi. Samari da 'yan mata sukan zauna can kan katangar bakin teku, sun ba mu baya, muna busa musu abin da kakanninsu suka yi rawa da shi.

Wata rana a 1966, da azahar, ina wucewa ta ƙofar gidansu, Evelio ya leƙo daga sama.

"Miro, hau ka ga tattabaruna."

"Na ga tattabaru a rayuwata, mutumina."

"Waɗannan da Turanci suke kuka."

Na hau. A cikin akurkin tattabarun, bayan buhun masara, ya ajiye ƙaramin rediyo. Igiyar shanyar Obdulia ashe ba igiya ba ce, wayar tagulla ce, an shanya mata zannuwan gado don kada a gane. Garinmu yana kallon arewa, tsakaninmu da ƙasar masu Turancin ruwa ne kawai, shi ya sa ko da rana tashoshinsu suna shigowa, suna tafiya suna dawowa kamar igiyar ruwa. Ya rage murya har sai mun haɗa kai. Wasu samari ne ke waƙa, ban ji ko kalma ɗaya ba. Evelio yana ta zana tururuwarsa a kan gwiwa.

"Ka ji inda suka juya?" ya ce. "Ka ji? Yara ne fa, amma sun san hanya. Cire ihun, cire gaggawar, abin da ya rage mai kyau ne."

Abin da ya yi ke nan. Ya ɗauki waƙar ya rage mata gudu, ya sa mata rigar danzon, wato kiɗan rawar iyayenmu da ake yi a hankali ana fifita. Ya raɗa mata suna *Gaisuwa ga Masu Saran Rake*. Ran Laraba yana cike takardar Alhamis, ya tsaya a gurbin ƙarshe.

"Nan fa? Wanda ya ƙirƙira. Ba sa karɓar gurbi fanko."

"Sa sunanka mana," na ce. "Wa zai tambaya?"

Ni na faɗi wannan. Na daɗe ina juya ta a raina.

Nivaldo ya miƙe, ya rufe ido, Evelio ya busa. Gwiwa ba ta motsa ba, ƙugu ya ɗan karkata. Aka buga hatimi.

Ran Lahadi muka fara. Daga ƙuryata ina hango katangar teku. Wata yarinya ce ta fara juyowa, ta dafe baki. Ta zunguri ta kusa da ita. Kafin mu kai tsakiya sun sauko su wajen ashirin, suka shigo fili bibbiyu, suka kama rawar danzon kamar tsofaffi, fuska a murtuke, ba mai dariya. Leɓunansu kaɗai ke motsi, ba sauti. Tsofaffi suka ce ai ga shi yara sun dawo hanya.

Goma sha bakwai ya yi irin wannan cikin shekara huɗu. *Tarakta Ta Iso. Asubar Masunta.* Ban iya tuna su duka ba. Matasan garin nan kaf sun san abin da ake ciki, kuma ko ɗaya bai taɓa buɗe baki ba. In sun haɗu da Evelio a hanya sai su ce, "Barka da aiki, Baba," su wuce. Nivaldo kuwa ya ba shi takardar yabo a gaban jama'a, ya ce Almagre ta haifi nata mai ƙirƙira. Evelio ya karɓa, ƙeyarsa ta yi jawur. A gida Obdulia ta sa takardar ƙarƙashin ƙafar tebur da ke rawa.

Ita ce ta tayar da maganar. Muna cin shinkafa da baƙin wake a tsakar gidansu, ta ajiye cokali.

"Miro, kai shaida ne. Mijin nan nawa ya yi wa rake kiɗa. Ya yi wa tarakta. Ya yi wa kifi. Saura jakin mai gawayi, sai a zo kaina."

"Waɗancan ba nawa ba ne, kin sani," in ji Evelio.

"To ni ma sato mini ɗaya mana. Ko ban kai a yi sata domina ba?"

Bai sato ba. Wajen shekara biyu, a tsakanin sauran aikin, yana kan abu ɗaya, yana rubutawa yana gogewa, in ya zauna masa rediyo a kashe. Ranar da ya gama ya kira ni, ya kife daron wanki a gabana.

"Bugu biyu daidai," ya ce. "Na ukun ka jinkirta shi kaɗan. Ba da yawa ba. Kamar mai jiran ƙafarsa ta iso."

Na gwada, na kasa. Hannu ya saba da daidai. Ya ce in dubi ƙofa. Obdulia ce ke shigowa daga aiki, da jakarta a kafaɗa: taki, taki, sai ɗan jira, sai ta jawo ta hagun. Nan take hannuna ya gane. Ya ɗora sarewa a kai. Ban san yadda zan faɗi kiɗan nan ba. Ba na baƙin ciki ba ne. Kiɗan mace ce da ta yi tsayuwar awa takwas da dutsen guga a hannu, tana dawowa gida ba ta gaggawa, kuma ba ta neman kowa ya tausaya mata.

Ta tsaya a bakin ƙofa har muka gama.

"Lallai ma," ta ce. "Ka sa gurguwa a kiɗa, kana jira in gode?"

Ta shige ɗaki. Can ta leƙo, idonta ya yi ja.

"A daron wanki za ka bar ni? Tarakta a dandali, ni a daro? Ina so in ji shi ran Lahadi, da ƙahoni duka, ina zaune a gaba da rigata ruwan ƙwai."

"Za ki ji," ya ce.

Ya sa masa suna *Obdulia Ta Taso Aiki*. A gurbin ƙarshe ya rubuta sunansa, karo na farko da hakan ya zama gaskiya. Muka je ofis tare ran Alhamis, na riƙe masa akwatin sarewa. Nivaldo ya miƙe, ya rufe ido. Evelio ya busa. A bugu na uku na ga gwiwar Nivaldo ta lotsa. Ya buɗe ido, ya dubi ƙafarsa kamar ta wani ce.

"Sake."

Ya sake. Ta sake lotsawa.

"Kwamared Pita, wannan daga ina?"

"Daga kaina."

"A'a. Kiɗanka na sani, goma sha bakwai na buga wa hatimi da hannuna. Kiɗanka yana tafiya sak, kamar mutumin kirki. Wannan yana tuntuɓe. Irin abin da suke yi ke nan a can, su karya kiɗa don su karya tarbiyya."

"Tafiyar matata ce, Kwamared. Ka san ta. Kai kake ba ta man zafi a kanti."

"Kada ka sa baiwar Allah a cikin wannan magana."

Evelio mai haƙuri ne, amma ranar ya zame. Ya ce, "Na san kiɗan ƙetare, wannan ba shi ba ne."

Mai buga tafireta ta tsaya da bugu. Nivaldo ya zauna a hankali, ya dafe cikinsa.

"A ina ka san shi?"

Ina tsaye a bayansa kamar kullum, ina kallon jijiyar nan ta miƙe har tana harbawa. Amsa ɗaya ce za ta wanke wannan kiɗan, ita ce kuma za ta tona goma sha bakwai, da wayar shanya, da yaran da ke rawa ba sa dariya. Ya karɓi akwati ya mayar da sarewa. Na ɗauka, muka fita.

Ba a kama shi ba, ba a kore shi ba. Shekarar babban girbin rake ce, kowa ana tura shi gona, sai dai sunan Evelio ya fito a farkon jerin 'yan sa kai, kuma namu wata ɗaya ne, nasa wata huɗu. Ya dawo yatsunsa sun yi kanta, ba sa rufe ramukan sarewa sosai. Obdulia ta riƙa jiƙa masa su a ruwan ɗumi da gishiri. Da ya samu sauƙi ya hau soro ya kwance wayar, ya ɗaura igiya ta gaske. Bai ƙara juya waƙar kowa ba. Yaran katanga suka jira, suka gaji, suka koma ba mu baya.

Amma kiɗan Obdulia bai bar shi ba. Bayan shekara biyu ya sake kai shi da sunan *Mata a Fagen Aiki*. Nivaldo ko rufe ido bai gama yi ba ya ce, "Evelio, ka dawo mini da ita ta canza riga." Ya sake kaiwa da sunan *Ma'aikaciyar Asibiti*. Ya mayar da shi na ƙaho maimakon sarewa. Duk a banza. Mutumin da ba ya iya bambanta taken ƙasa da kiɗan jana'iza sai ya ga mutane sun miƙe, wannan kiɗa ɗaya tak kunnensa ya riƙe a duniya. Sau biyar muka je cikin shekara goma. Daga baya abin ya zama kamar gaisuwa. Nivaldo yakan sa a kawo mana kofi, ya tambayi tattabaru, ya saurara, ya girgiza kai, mu tashi.

Na taɓa ce masa, "Ka daidaita bugun na uku mana, a buga hatimi, ran Lahadi sai mu yi abinmu."

"In na daidaita shi a takarda, ƙahoni za su busa abin da ke takarda. Wata mata ce daban za ta fito."

Obdulia ta daina tambaya. Rigar ruwan ƙwai ta yi mata kaɗan, ta buɗe ta ta ƙara ƙyalle a gefe, ta mayar akwati.

Abin bai ƙare rana ɗaya ba, sassautawa ya yi ta yi kamar tsohuwar igiya. Aka wayi gari rediyonmu na gwamnati yana sa waƙoƙin nan da tsakar rana, da Turancinsu da ihunsu. Tsofaffi suka fara tsayawa a bakin shagon aski suna karkata kai. Wannan ba *Asubar Masunta* ba ce? Wata uku ba a yi ba gari ya gama sani. Waɗanda suka yi rawa a da, yanzu masu 'ya'ya, suka riƙa rungumar Evelio a titi. Sa'o'insa kuwa suka sa masa suna Mai Tattabaru, wai yana sakin tasa ta jawo ta maƙwabta.

Nivaldo ya riga ya yi ritaya. Muka haɗu da shi a layin burodi, ni da Evelio. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Sau goma sha bakwai, Evelio. Na tsaya a gaban mutane na ba ka takarda. Jikata ce ta gaya mini, tana dariya har da hawaye."

"Ka yi haƙuri, Nivaldo."

"Ba komai. Ya wuce." Ya gyara jakar burodinsa. "Amma dai ɗaya na kama. Ka yarda da wannan. Ɗaya ba ta wuce ni ba."

"Wannan ɗin ce tawa."

Nivaldo ya yi 'yar dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Haba, Evelio. Har yanzu?"

Layi ya matsa, muka matsa.

A 1986 haƙoran Evelio na gaba suka zube. Aka yi masa na roba, amma suna zamewa a bakin sarewa. Ya ajiye aiki. Aka sa wani yaro a kujerarsa, mai ƙeya sumul wadda ba ta gaya mini komai. Bayan shekara biyu aka kawo mana sabon shugaba, Pavel, ɗan shekara ashirin da shida, ya yi karatun kiɗa a babban birni. Yayarsa ita ce yarinyar da ta fara dafe baki a kan katanga. Ya tashi da labarin Evelio kamar labarin jarumi. Tsarin Alhamis ya mutu, ba mai neman hatimi. Pavel ya ce za a ware Lahadi guda don karrama Baba Evelio, a kaɗa kiɗansa, a faɗi ainihin inda kowanne ya fito. A cikin kabad ya tarar da na goma sha takwas, kiɗan Obdulia, da jan layin Nivaldo a kai.

Aka gayyato Evelio wajen bita. Ya zauna a gefe da hularsa a gwiwa. Muka fara, sai na ji abin yana tafiya sak, kamar soja. Pavel ya bi takardun kowa da jan fensir ya daidaita bugu na uku.

"Ɗana," in ji Evelio, "wurin nan ba kuskure ba ne."

"Baba, kada ka damu. Rediyo a cikin akurki, ga iska, ga tattabaru, dole wani abu ya kuɓuce maka. Ni mamaki ma nake da ka kama sauran. Na bincika kaset-kaset ɗin abokaina kaf ban samu asalinsa ba. Su wane ne?"

"Nawa ne."

Pavel ya durƙusa a gabansa, ya kama hannuwansa biyu, da ladabi ƙwarai. "Baba, wancan zamanin ya wuce. Ba sai ka ɓoye ba. Ba wanda zai tura ka rake."

Evelio ya dube shi, ya dubi sauran, duk suna masa murmushin ƙauna. Ya sa hularsa.

"To," ya ce. "Ku yi yadda kuka gani."

Na raka shi har gida. A bakin ƙofa ya tsaya. "Miro, na gaji. Shekara goma sha takwas ina cewa nawa ne ana cewa na sata. Yanzu ma haka, sai dai da tafi." A bita na gaba na buga sak yadda aka ce. Na san Pavel yana neman dalilin kawo mai ganga da ya iya karatun kiɗa, kuma ban ga laifinsa ba.

Obdulia a lokacin ba ta iya tafiya mai nisa, ƙafar mai lafiyar ma ta gaji da ɗaukar 'yar'uwarta. Ran Lahadi na kai kujeru da wuri, na dawo da amalanke fanko, muka ɗora mata kujera ɗaya a kai muka ɗaure. Tana cikin rigar ruwan ƙwai, ƙyallen gefen ya fi sauran haske.

"A hankali, Miro, ba buhun rogo ka ɗauko ba."

"Rogo ba ya surutu."

"Rogo ba a yi masa kiɗa ba. Au, na manta, wataƙila mijina ya yi."

Evelio bai gaya mata an gyara kiɗan ba. Ni ma ban gaya mata ba.

Dandali ya cika har kan katanga. Muka kaɗa shida daga cikin tsofaffin, Pavel yana faɗin sunayen masu su a lasifika, mutane suna rera Turancin da ƙarfi, abin da suka haɗiye shekara ashirin. Sannan ya ce ga na ƙarshe, wanda aka hana sau biyar, kiɗan ƙetare ne da har yau ba a gano masu shi ba. Ya ɗaga sanda.

Daga ƙuryata na hango su a layin gaba. Ranar na fara ganin fuskar Evelio ana kiɗa. Ba ya kallon mu, hularsa yake kallo. Obdulia ta miƙe wuya, ta karkato kunne. Aka shiga. Zagaye na farko na buga sak. Na ga ta ɗaure gira, ta juya ta dubi mijinta, shi bai ɗago ba. Ta sake juyowa tana nema, kamar wadda aka ce ga hotonki aka miƙa mata na wata.

Ban yi wani dogon tunani ba. Zagaye na biyu, bugu, bugu, sai na riƙe hannuna. Na jira ƙafar ta iso. Na buga.

Pavel ya watso mini ido. Na sake. Mai babban ƙaho, wanda shekara ashirin yana bin gangata ba ya duban sanda, ya biyo ni ba tare da ya sani ba. Aka ɗan yi rikici, rabi suna bin sanda rabi suna bin ganga, kamar amalanke mai taya ɗaya a rami. Na ƙi saki. Ɗaya bayan ɗaya suka faɗo wajena, don mai busa yana iya ƙin kallon sanda amma ba ya iya toshe kunnensa. Pavel ya yi ta sara iska, can ya sauke hannu, ya tsaya yana saurare da kai a karkace. Masu rawa suka yi tuntuɓe sau biyu, sannan suka gane, fili duka ya koma taki, taki, ɗan jira. A gefen rumfa na ga Nivaldo a kan benci, ya danne gwiwarsa da hannu biyu.

Evelio ya ɗago. Bai yi murmushi ba. Yatsunsa kawai na ga suna tafiya a kan hular.

Da muka tsaya, kafin tafi ya tashi, muryar Obdulia ta fito har bakin teku.

"Kai yaro mai sanda! Wai ba a gano masu shi ba? Ga mai shi nan zaune da haƙoran roba! Ƙafata ce wannan, ta hagu, in ba ka yarda ba zo ka auna!"

Dandali ya fashe da dariya, aka yi ta tafi. Sun ɗauka barkwancin tsohuwa ne. Ina ɗaure kujeru wani ya zo yana tambayata ko na san sunan ƙungiyar ƙetaren da ta yi kiɗan. Pavel bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Baba Miro, ka kusa kashe ni," ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai aka kira shi.

Na tura ta gida kafin in kwashe kujerun. Evelio yana tafe a gefe, hannunsa a kan amalanke.

"Ƙahonin sun yi ƙara da yawa," ta ce.

"Haka ne," in ji Evelio.

"Kai kuma Miro, jiran naka ya yi tsawo. Ban gurgunce haka ba."

"Lokacin da aka rubuta shi ba ki kai haka ba," na ce. "Na ƙara miki na shekaru."

Ta kai mini duka da mafici, bai same ni ba. Sai ta kama hannun mijinta a kan katakon, ta riƙe har gida.

Damina biyu ta ƙara a duniya. Shi ya bi ta bayan shekara uku, lokacin da abinci ya yi wuya har ya saki tattabarun don ba masara. Ni na ajiye ganga a 1990. Wanda ya gaje ni yaron kirki ne, yana karanta takarda kamar jarida.

Takardun suna nan a kabad da jan fensir ɗinsu. Pavel ya goge "kiɗan ƙetare" ya rubuta sunan Evelio da alamar tambaya a gefe, na ga wannan da idona, kuma na gode masa. Gyaran bugun dai bai goge ba, ya ce sai ya zauna ya duba, aka kuma yi masa canjin gari. Sukan kaɗa shi sau ɗaya ko biyu a shekara, sak. Ina zama a bencin da Nivaldo yake zama. In sun zo bugu na uku nakan ɗan jira, sannan in taɓa ƙasa da sandata. Na kusa da ni sukan ɗauka tsufa ne ya sa nake makara.